Tutarsa Koriya Ce

Litinin, 3 ga wata, da safe

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta kurakuran wasa, ga shi tun shafin farko na kauce. Mama tana asibiti. Abin da likita ya faɗa mana a ofishinsa ba zan rubuta shi a nan ba. Na ji shi sau ɗaya, ya ishe ni.

Ƙanena ne a wajenta. Tela ne, ya rufe shagonsa ya tare a gefen gadonta. Tun yana yaro muke ce masa Ba-komai, don ko da mota ka taka masa ƙafa abin da zai ce maka ke nan. Yanzu Mama ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nasa. Nas ta gwada, Goggo ta gwada, sai ta datse haƙora ta juya fuska bango. Likita ya ce muddin tana ci, akwai abin da za a iya yi. Idan ta daina ci kuwa, bai ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa masa ba.

Ni ce mai tsara komai ta waya: wa zai kai abinci, wa zai karɓo magani, wa zai zauna da rana yaron ya ɗan runtsa. Har Babban Yaya ya laƙaba min Janar. Na yi dariya da ya faɗa, amma raina bai so ba.

Litinin, da rana, a wajen aiki

Har yau dangi ba su yarda aiki nake yi ba. Goggo in an tambaye ta sai ta ce ina can ina danne-danne ana biyana. Ni mai gwajin wasa ce. Kamfaninmu ɗaki biyu ne a saman shagon masu taya, ƙamshin roba har cikin shayinmu. Wasan yaƙin zamanin da muke haɗawa, na masu da garkuwa da dawakai, ni kuma in wuni ina bugawa ina neman inda ya lalace kafin a sake shi ƙarshen wata.

Wanda bai sani ba zai ɗauka sai an ƙarar da mutanen abokin gaba ake cin yaƙi. Ba haka ba ne, kore su ake yi. Kowace runduna da tuta a kanta. Koriya in zuciyarsu da ƙarfi, rawaya in sun fara karaya, ja in saura ƙiris, fara in sun zubar da makamai sun ranta a na kare. Mutum goma su faɗi lokaci guda ya fi karya su a kan talatin su faɗi ɗaya bayan ɗaya. Haka in an ɓullo musu ta baya, ko shugabansu ya faɗi. Mafi muni su ga rundunar da ke gefensu ta gudu. Ɗaya ta arce sai ta ja ta kusa da ita, kafin ka ce kwabo filin ya yi fari fat.

Na duba waya ta fi a ƙirga yau. Ba wanda ya kira. Ban san ko hakan daɗi ba ne.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Goggo ta koma gida. Wai ciwon ƙafarta ne ya tashi. Jiya tana ɗakin lokacin da Mama ta sake rikicewa, ta fito tana salati, yau kuma ƙafa. Matar Babban Yaya, wadda ke karɓar ƙanena da rana, tana jin Goggo ta tafi sai ta tuna yaranta na jarrabawa.

Na je asibiti da kwanon romo. A ƙofar ɗakin akwai ɗan gilashi mai faɗin littafi, ta nan nake leƙawa. Na ƙwanƙwasa a hankali ya fito, na miƙa masa. Na ce ina jin kamar mura za ta kama ni, gara kada in shiga. Ya ce haka ne. Na ce kai kaɗai ka rage fa, za ka iya kuwa?

"Ba komai, Yaya."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na dawo gida har da sayen lemo a hanya.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Na kama wani babban kuskure. A wasan akwai rundunar da muke kira Tsofaffin Mashi, tsofaffin hannu ne, su ake sawa a tsakiya inda wuta ta fi zafi. Duk mai hankali can zai ajiye su ya manta da su, ya je ya lallaɓa sababbin shiga masu saurin firgita. Haka na yi. Na dama suka yi rawaya na janye su suka huta, na hagu suka yi ja na aika musu da dawakai. Tsofaffin nan tutarsu koriya shar tun farkon yaƙi. Ina juyowa sai na gan ta fara. Ba rawaya, ba ja, daga kore sai gudu. Tsakiya ta buɗe, aka cinye ni tas.

Na sake bugawa, haka. Na sake, haka. Na aika wa Gilashi, mai rubuta mana lissafin wasan, na ce ya gyara ɓarnarsa. Gilashi yaro ne mai kirki, amma in yana aiki ko gobara ake yi sai dai a ɗauke shi da kujerarsa.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Yau ma ban shiga ba.

Litinin, 10 ga wata, da rana

Gilashi ya dawo min da amsa a taƙaice: ba kuskure ba ne. Na tashi na same shi, na ce tuta ta yi wa mutum ƙarya kuma ka ce ba kuskure ba? Bai ko ɗago ba, ya ce in ba shi zuwa Alhamis zai nuna min, yanzu dawakansa ne ke ratsa bango. Oga yana jinmu daga ɗaya ɗakin, ya leƙo ya ce shi bai san wani dogon zance ba, mai sayen wasa in tuta ta yaudare shi zagi zai yi, a gyara.

Na ji daɗi da Oga ya goyi bayana. Ban san me ya sa nake ta faɗa da mutane kwanan nan ba. Ko mai taya na ƙasa sai da na yi wa tsawa a kan ƙarar injinsa, mutumin da kullum yake gaishe ni da Hajiya duk da ban je ba.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Na kai romo. Ya daɗe bai fito ba, sai na tsaya ina kallo ta gilashin. Ba a kujera yake zama ba, a bakin gado yake, ta hagun Mama. Yana ta yi mata surutu, ban ji me yake cewa ba. Cokalin farko ma shi ya kai bakinsa, na ce a raina yaron nan yunwa yake ji har yana cin na marar lafiya. Fuskarta ban kalla ba. Hannunta na kalla, da bargon.

Da ya fito na ga ya saɓa maɓallan rigarsa, na sama ya shiga ramin na ƙasa, wuyan ya karkace. Na ce tela guda da wannan aika-aika, in masu kawo maka ɗinki suka gani ai ka rasa kasuwa. Ya duba, ya yi murmushi, bai gyara ba. Muna magana yana ta waiwayen matakalar fita. Na tambaye shi ko wani yake jira, ya ce a'a.

Na ce to ya gajiya? Ya ba ni amsar da na sani.

Alhamis, 13 ga wata, da rana

Bari dai in rubuta.

Gilashi ya jawo kujera kusa da ni ya ce in buga yaƙin nan. Muna tsakiya ya tambaye ni ko na taɓa sauko da kyamara ƙasa. Na ce me zan yi a ƙasa? Mai gwaji daga sama yake kallo, ya ga fili duka da tutoci duka, in ka tsaya kallon fuskar soja ɗaya-ɗaya yaushe za ka gama? Ya karɓi linzamin kwamfutar ya gangaro har cikin Tsofaffin Mashi.

Tutarsu koriya. Amma mai gangarsu ya daina kiɗa. Kawunan masun sun sunkuya ƙasa. 'Yan layin baya kuwa ɗaya bayan ɗaya suna waiwaye.

Ya ce tuta tsoro take nunawa, su kuma waɗannan ba tsoro ne ke karya su ba, sun wuce nan. Gajiya ce, da ganin kowa ana janye shi ya huta ban da su. Yana tara musu ita a ɓoye, ranar da ta cika sai su tafi gaba ɗaya. Da gangan ya yi, don a ganinsa wanda ya saba daurewa ba ya sanarwa. In ka janye su tun ganga ta yi shiru, su sha ruwa su dawo garau. Na ce in kuma sun riga sun gudu fa? Ya ce to kada a bi su, wanda aka bi ficewa yake daga filin ba ya dawowa. A toshe gurbin da suka bari, a ƙyale su. In suka waiwayo suka ga layi bai rushe ba, wani lokaci sukan tsaya.

Na ce wani lokaci? Ya ce eh, wani lokaci.

Na shiga banɗaki na kira ƙanena. Ya ɗauka, murya ƙalau. Na ce ranar Lahadi zan zo in karɓe ka, ka je gida ka kwanta. Ya ce to. Bai ce ba komai ba. Ban lura ba sai yanzu da nake rubutawa.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Me ya sa na ce Lahadi? Me ya hana yau?

Na san abin da ya hana.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Na wanke kaya, na goge, na sake goge wasu. Na haɗa jakar gobe na kwance ta. Ko shayi ban sha ba tun safe. Na kira ƙanena bai ɗauka ba, ya turo saƙo cewa suna lafiya. Gobe da wuri, in Allah ya so.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Ba ya nan.

Nas ta ce da safe ya wanke wa Mama fuska, ya gyara gado, ya zuba abinci a kwano, ya sa cokali a ciki. Sai ya miƙe ya fita kamar mai zuwa sayen kati. Ya bar jakarsa da cajarsa da takalmin wanka. Wayarsa a kashe.

Ina tsaye a baranda nas tana min bayani, ni kuwa cokalin nake hangowa ta gilashi, a tsaye cikin abincin da ya huce.

Lahadi, bayan la'asar

Babban Yaya ya gano shi. Yana shagonsa, ya kulle daga ciki, maƙwabcinsa mai gyaran waya ya ga shigarsa. Yaya ya zo asibiti yana huci, ya ce zai ɗauki makaniki su ɓalle ƙofar, ko a ɗaure ne sai ya dawo da shi, wane irin ɗa ne zai tafi ya bar uwarsa da kwano a gaba. Na ce kada ya je. Ya ce dalili? Bakina ya suɓuce na fara ba shi labarin rundunar da aka bi. Kallon da ya yi min ba zan manta da shi ba.

"Uwar tamu kike haɗawa da wasan yara?"

Na ce ba ita nake haɗawa ba, mu nake haɗawa. Na ce Yaya, mako nawa yaron nan yana ɗakin can, ni da kai muna waya? In ka jawo shi yau zai zo, don ba ya yi maka musu. Amma wanda zai zauna a gadon nan ba ƙanenmu ba ne, kuma in ya sake tafiya ba shago zai nufa ba.

Ya ce to wa zai ba ta abinci, Janar? Na ce ni.

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce ke da ko ɗakin ba kya iya shiga. Ashe kowa ya sani. Ya ba ni zuwa Laraba, in ba ta ci ba zai je da makanikinsa, kuma duk abin da ya faru a wuyana. Ya tafi yana kaɗa makullin mota.

Na tura ƙofar na shiga.

Litinin, 17 ga wata, da safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Ba mura ba ce. Ranar da aka kwantar da ita na shiga na ce Mama sannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, baiwar Allah, wa kike nema? Ni da ta yi wa kitso har na shiga jami'a. Tun ranar ƙafata ta ƙi ƙofar nan.

Jiya ma haka ta ce. Yau ma. Na amsa da cewa aiko ni aka yi.

Ba ta ci ba. Na roƙa, na lallaɓa, na ce don Allah ko cokali ɗaya. Ta datse baki ta juya bango, tana tambayar ina yaron nan.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Ba ta ci ba. Ruwa kawai, shi ma ɗan kaɗan. Likita ya zo ya duba, ya yi maganar robar da ake sawa ta hanci, ya ce a yanayinta ba ya son a kai ga haka. Ya tambaye ni ina wanda yake ba ta da. Na ce yana hutawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya wuce.

Na fita na tsaya a bakin titi, adaidaita ta tsaya a gabana, saura kaɗan in ce ya kai ni shagon. Ba nisa. In na buga ƙofa na ce Mama ba ta ci, kafin in rufe baki ya sa takalmi, na sani. Mai adaidaita ya gaji da jira ya ce Hajiya tafiya ko tsayuwa? Na ce tsayuwa.

Tsoro nake ji. In Gilashi shirme ya rubuta fa? Yaron da ko aure bai yi ba, a kan maganarsa na ɗora ran uwata. Yaya ya kira ban ɗauka ba. Gobe Laraba.

Laraba, 19 ga wata, da hantsi

Da safe na zauna a kujera da kwano a hannu, na rasa ta inda zan fara. Sai idona ya kai kan gilashin ƙofa, daga ciki wannan karon. Na yi ta ƙoƙarin tuna abin da nake gani in na leƙo. Ba a kujera yake zama ba.

Na tashi na koma bakin gado, ta hagunta. Ban ce ta ci ba. Na ɗebi cokalin farko na kai bakina, na ce kai, gishirin nan ya yi daidai. Ashe ba yunwa yake ji ba, nuna mata yake yi. Saura surutu, ni kuma ban san labarin masu kawo ɗinki ba, sai na kama ba ta abin da na sani. Na ce Mama, akwai wasu tsofaffin sojoji masu taurin kai, an ajiye su a rana tun safe, shugabarsu wata sakarya ce tana can kan tudu tana danna waya. Ta juyo tana kallona. Ta ce ba a ba su ruwa ba? Na ce ko ɗigo. Ta ce amma wannan mata ba ta da kirki. Na ce wallahi kuwa, Mama.

Cokalin yana kusa da bakinta, ta buɗe.

Ba ta cinye ba, amma ta ci har ana ganin gindin kwano ta gefe ɗaya. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Na kira Yaya na ce ya sallami makanikinsa. Ya ce da rana zai zo ya karɓe ni in je in yi wanka. Shi ma bai taɓa daɗewa a ɗakin ba, na sani, amma ban faɗa ba.

Ƙanena kuwa na tura masa saƙo, ko da zai kunna waya: Ta ci. Ka yi barci. Na rubuta yaushe za ka dawo, na goge.

Alhamis, 20 ga wata, da rana

Na leƙa wajen aiki na ɗan lokaci. Na ce wa Oga na janye ƙarata, a bar Tsofaffin Mashi yadda suke, sai dai a ƙara ƙarar gangar don mutum ya ji lokacin da ta yi shiru. Ya ce ran nan ke ce mai cewa a gyara. Na ce ran nan daga sama nake kallo. Gilashi bai ɗago ba, amma na ga kunnensa ya motsa.

Saƙon ya nuna an karanta. Ba amsa.

Juma'a, 21 ga wata, da yamma

Ta ci da safe, ta ƙi da rana. Ba amsa. Duk takun da na ji a baranda sai na ɗaga kai.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

Ina bakin gado ina ba ta labarin dawakan Gilashi masu ratsa bango, sai na ga inuwa a gilashin ƙofa. Ya daɗe a tsaye a wurin. Na san tsayuwar nan, ni na ƙirƙiro ta. Ban kira shi ba, ban ɗaga hannu ba, na ci gaba da labarina.

Ya turo ƙofa. Ya yi aski, maɓallansa daidai, amma ya rame, idanun nan sun faɗa. Ya tsaya kansa a ƙasa yana jiran faɗa. Da ya ga ba faɗan sai ya miƙo hannu zai karɓi kwanon. Na janye shi, na nuna masa kujera da haɓa. Ya zauna a ɗofane.

Na ce ya kake? Ya buɗe baki, na ga kalmar nan tasa ta taho har leɓe. Sai ya haɗiye ta.

"Na gaji, Yaya."

Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na ce na sani, na ce daga yau kwana ɗaya naka, ɗaya nawa, ɗaya na Babban Yaya, kuma in ka sake ce min ba komai sai na kwaɗa maka cokalin nan. Ya yi 'yar dariya, ya jingina kai da bango. Kafin in ɗebo na gaba har ya fara minshari, baki a buɗe.

Mama ta daɗe tana kallonsa. Sai ta taɓa hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Baiwar Allah, kada ki tashe shi. Yaron nan ya daɗe da gajiya, ba wanda ya duba."

Na ce to, Mama. Na ɗebi cokali na kai bakina tukuna, sannan na ɗebo nata.